Labarin Tafkin Baikal da Masu Ziyararsa

A cikin darasin labarin ƙasa, in aka ambaci tafki, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne faɗi. Ba laifinmu ba ne, gama tafkin da muka fi sani, watau Chadi, faɗinsa ne abin mamakinsa. Amma akwai wani tafki can cikin ƙasar Rasha wanda in an auna shi da faɗi kaɗai an zalunce shi. Sunansa Baikal. Shi ne ya fi kowane tafki na duniya zurfi, shi ne kuma ya girme su duka. Muna so mu bi da masu karatu zuwa bakinsa bisa taswira, zango zango, kamar yadda matafiyi zai bi, mu ga abin da ke kai mutane can, mu nemi dalilin kowane abu da su ke gani. Za mu tarar zurfin nan da tsufan nan su ne tushen kyansa duka, su ne kuma suka sa ɓarnar da aka yi masa ba ta saurin gyaruwa.

Inda ya ke, da girmansa

Mu buɗe taswirar Asiya, mu nemi ƙasar Mongoliya, sa'an nan mu ɗaga yatsa arewa kaɗan cikin yankin da a ke kira Saibiriya. Nan za mu ga wani shuɗin zane siriri, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. To, shi ne Baikal. Tsawonsa kilomita 636, watau ya ɗara tafiyar Kano zuwa Maiduguri. Inda ya fi faɗi kuwa kilomita 79 ne. Filin da ya rufe ya kai murabba'in kilomita 31,500 da ɗoriya. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne cikin manyan tafkuna, domin Biktoriya na Afirka ta Gabas ya kusa ninka shi biyu, Chadi ma a 1963 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000.

Sai an saki guga a ke sanin bambanci. Chadi, ko a shekarun cikarsa, zurfinsa mita kaɗan ne, a wurare da yawa gora na taɓa ƙasa. Biktoriya ya kai wajen mita 80. Baikal kuwa inda ya fi zurfi mita 1,642 ne. In muka mayar da wannan lissafi irin na masu haƙar rijiya, wajen gaba 900 ke nan. Ashe rijiya mai gaba dubu da mu ke ji a baki, saura kaɗan a same ta a nan. Fuskar ruwan tana bisa da teku da wajen mita 455, amma gindinsa ya gangara ƙasa da fuskar teku da kusan mita 1,190.

Saboda wannan zurfi ruwan da ke cikinsa ya ninka na Biktoriya fiye da sau takwas, ya kuma fi na manyan tafkunan nan biyar na Amurka ta Arewa in an gama su gaba ɗaya. Masana sun ƙiyasta in aka tara dukan ruwan daɗi da ke kwance ko gudu a bisa ƙasa, ban da wanda ya daskare ya zama ƙanƙara, wajen kashi ɗaya cikin biyar yana cikin Baikal. Shi ya sa mutanen da ke zaune a gefensa ba su cika ce masa tafki ba, teku su ke ce masa.

Dalilin zurfinsa da tsufansa

Yawancin tafkunan duniya ba su da tsawon rai. Koguna su kan yi ta kawo yashi da laka suna zubawa, bayan 'yan dubban shekaru sai tafki ya cike ya zama fadama, kamar yadda kududdufin bayan gari ke cikewa in ba a yashe shi. Baikal kuwa an ƙiyasta shekarunsa miliyan 25 zuwa 30. Ƙaƙa ya tsira?

Dalili shi ne yana kwance cikin wata babbar tsaga ta ƙasa. A wurin nan ɓawon duniya yana rabuwa biyu, gefen gabas da na yamma suna nisantar juna da milimita kaɗan kowace shekara, tsakiya kuwa tana ta lotsawa. Koguna na zuba laka, gindi na ƙara nutsewa, don haka ba ya cikewa. Lakar da ta taru ƙarƙashin ruwan a wasu wurare kaurinta ya kai kilomita 7. Aikin nan bai tsaya ba har yanzu, shaidarsa ita ce yawan girgizar ƙasa a wannan yanki. A 1862 wata girgiza ta nutsar da fili wajen murabba'in kilomita 200 kusa da bakin kogin Selenga, ruwa ya malale shi ya zama wani lungu na tafkin, wanda a ke kira Proval. Irin wannan tsaga ce ta haifi Tanganyika a Afirka, wanda shi ke bin Baikal a zurfi da mita 1,470.

Koguna da rafuka fiye da 300 ke zuba cikin Baikal. Babbansu shi ne Selenga, wanda ke fitowa daga Mongoliya, shi kaɗai ya ke kawo wajen rabin ruwan da ke shiga. Amma ƙofar fita ɗaya ce tak, watau kogin Angara, wanda ke zuba cikin Yenisei, shi kuma ya kai ruwan tekun ƙanƙara na arewa. Bisa lissafi, da za a toshe dukan kogunan da ke shiga, Angara ya dinga gudu kamar yadda ya saba, sai ya yi kusan shekara 400 kafin ya kwashe tafkin. Mu riƙe wannan lissafi, za mu bukace shi nan gaba.

Hanyar zuwa

Mai son ganin Baikal yawanci ya kan fara isa Mosko, babban birnin Rasha. Daga can zuwa Irkutsk, birnin da ke kusa da tafkin, ya wuce kilomita 5,000. A jirgin sama tafiyar wajen sa'a shida ce. A jirgin ƙasa kuwa sai an kwana uku an shiga na huɗu, a haye duwatsun Ural, a ƙetare kogin Ob da na Yenisei, ana ta ratsa kurmi mai dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, wanda su ke kira taiga. Kafin a isa, agogo ya riga na Mosko da sa'a biyar.

An kafa Irkutsk a 1661 a bakin Angara, shekara 18 bayan da wani Barashe mai suna Kurbat Ivanov ya fara isa tafkin a 1643. Har yanzu akwai tsofaffin gidajen katako a birnin, masu tagogi da aka yi wa sassaƙa mai kyau. Daga nan tafiyar kilomita 70 ce a mota zuwa ƙauyen Listvyanka, daidai inda Angara ke fita daga tafkin. Nan yawancin baƙi ke fara ganin ruwan. A tsakiyar kogin akwai wani dutse da kansa kaɗai ke leƙowa. Mutanen wurin suna da tatsuniya a kansa. Wai Baikal tsoho ne mai 'ya'ya maza da yawa, kowa na kawo masa dukiya, 'yarsa mace ɗaya ce, Angara. Ran nan da dare ta gudu wurin saurayinta Yenisei, tsoho ya farka cikin fushi ya ɓalli dutse ya jefe ta, dutsen ya faɗi a nan. In muka duba, tatsuniyar nan darasin labarin ƙasa ce sosai, koguna da yawa na shiga, ɗaya na fita.

Tafkin nan ya taɓa zama babban shinge ga masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Saibiriya, wadda aka soma a 1891. Duwatsun kudancinsa sun gangaro har cikin ruwa, ba wurin aza dogo. Sai aka sa maƙera a birnin Newcastle na Ingila suka ƙera wani babban jirgin fito mai fasa ƙanƙara, aka kawo shi gunduwa gunduwa, aka harhaɗa a Listvyanka, aka sa shi ruwa a 1899. Ya kan ɗauki taragu 24 ya haye da su. A farkon 1904, sa'ad da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Japan, ƙanƙara ta yi kaurin da jirgin ya kasa fasawa, sai aka shimfiɗa dogo a bisa ƙanƙarar, dawaki suka riƙa jan taragu suna hayewa. Cikin shekarar nan aka gama hanyar da ta zaga kudancin tafkin, bayan an huda duwatsu wuri 39. Da aka datse Angara a Irkutsk cikin shekarun 1950, ruwa ya cinye wani sashe na hanyar, aka sake wa manyan jirage wata. Abin da ya rage na tsohuwar, wajen kilomita 89, shi ne masu yawon buɗe ido ke bi a hankali suna kallo. Babban jirgin fiton ya ƙone a yaƙin basasa na 1918, amma ƙaninsa mai suna Angara yana nan a Irkutsk, an mai da shi gidan kallo.

Abin da baƙo zai gani

Abu na fari da ke ba baƙo mamaki shi ne hasken ruwan. A lokacin da ya fi tsabta, in aka saki farin faranti ana iya hangensa har zurfin mita 40. Dalilin wannan kashi biyu ne. Duwatsun da ke kewaye da tafkin masu tauri ne, ba su narkewa su gurɓata shi. Sa'an nan akwai wani ƙwaro na ruwa mai suna epishura, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, yana nan ba iyaka, aikinsa ke nan tace ruwa yana cinye ƙananan tsiro da ƙwayoyin da ke yawo a ciki. Ban da shi akwai wasu masu kama da jatan lande, iri fiye da 300, waɗanda ke cinye mushen duk abin da ya nutse. A wuraren da ba su da zurfi kuma soson ruwa kore ya kan tsiro bisa duwatsu kamar ƙananan itatuwa, shi ma tacewa ya ke yi. Ashe babban tafkin nan ƙananan ma'aikata ne ke share masa gida.

Wani abin lura kuma, akwai rai har can gindinsa. A Tanganyika ruwan sama mai ɗumi ne duk shekara, ba shi da nauyi, sai ya zauna bisa na ƙasa kamar mai bisa ruwa, ba su gauraya. Saboda haka in an wuce wajen mita 200 babu iskar da kifi zai shaƙa. A Baikal kuwa sau biyu a shekara, bayan narkewar ƙanƙara da gab da daskarewa, sanyin ruwan sama ya kan yi kusa da na ƙasa, iska ta dama su, wani sashe na ruwan sama ya gangara da iskar shaƙa har gindi. Wannan, gami da tsawon zamanin da tafkin ya yi a keɓe, shi ya sa halittu suka yi ta rarrabuwa iri iri a cikinsa. An ƙidaya dabbobi iri fiye da 2,500, fiye da rabinsu ba a samunsu ko ina a duniya sai nan. Da fari Turawa sun zaci ruwa mai sanyi haka ba zai ƙunshi wani abin kirki ba. Wanda ya warware wannan zato wani likita ne mutumin Folan, Benedykt Dybowski, wanda hukumar Rasha ta kora zuwa Saibiriya saboda tawayen 1863. Ya zauna ƙauyen Kultuk daga 1868, yana huda ƙanƙara yana sakin tarko, yana fito da halittun da ba a taɓa rubutawa ba.

Cikin waɗannan halittu uku sun fi suna. Ta fari ita ce nerpa, dabba ce mai santsin jiki, kamar ayu ta ke wajen zama cikin ruwa da shaƙar iska da shayar da 'ya'ya, amma ita kifi ta ke ci. Yawancin danginta a teku su ke, ita kuwa ba ta da mazauni sai ruwan daɗi. Ta kan haihu cikin Fabrairu da Maris a wani ɗaki da ta ke yi cikin dusar ƙanƙara. Wanda bai sami ganinta a tsibiran Ushkani ba, ya gan ta a gidan kallo na Listvyanka. Na biyu shi ne golomiyanka, ƙaramin kifi marar ɓawo, ana hangen ƙashinsa ta cikin fata, wajen sulusin jikin babban irinsa mai ne, ba ya yin ƙwai, 'ya'ya ya ke haifa. Na uku shi ne omul, wanda a ke banda shi a sayar wa baƙi da zafinsa, har ya zama kamar tambarin tafkin.

Wanda ke da sauran kwanaki ya kan wuce zuwa Olkhon, babban tsibirin tafkin, mai tsawon wajen kilomita 72. Wannan ƙasar Buriyat ce, mutane ne dangin Mongol, makiyaya, waɗanda ke nan tun kafin zuwan Rashawa. Kusa da ƙauyen Khuzhir akwai wani dutse da ya shiga cikin ruwa wanda su ke girmamawa ƙwarai, sun kakkafa ginshiƙai a wurin suna ɗaura musu ƙyallaye masu launi. Baƙo mai hankali ya duba da ladabi ya wuce, gama kowane gari da abin da ya ke ganin girmansa.

Lokacin zuwa

Baikal fuska biyu gare shi. Daga Yuni zuwa Satumba a kan shiga jiragen ruwa, a yi yawon ƙafa a gefen duwatsu. Ko a Agusta ruwan tsakiya na da sanyi, sai a lungunan da ba su da zurfi a ke jin daɗin iyo, can ƙasa kuwa bai cika wuce digiri 4 ba duk shekara. Masu jirage suna tsoron wata iska mai suna sarma, wadda ke gangarowa daga kwazazzabon yamma ba sallama, musamman wajen ƙarshen shekara, tana iya kifar da jirgi.

Daga Janairu zuwa Mayu kuwa tafkin ya kan daskare, kaurin ƙanƙarar ya kai mita guda, wani wuri ya wuce. Saboda tsabtar ruwan ƙanƙarar ta kan zama kamar madubi, mutum na tsaye yana hangen duwatsu ƙarƙashin ƙafarsa. Cikin Fabrairu da Maris, in kaurin ya isa, hukuma ta kan shata hanyar mota a bisa ƙanƙara zuwa Olkhon. Sanyin lokacin ya kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, har ya wuce, ga kuma ƙanƙarar tana tsagewa da ƙara kamar aradu. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba motocin da suka bar hanyar da aka shata sun nutse da mutane. Nan wurin bin maganar ɗan gari ne, kome ilmin baƙo.

Abin da ke barazana gare shi

Yanzu mu komo kan lissafin nan da muka ce a riƙe. Kogi in aka zuba masa ƙazanta, kwana kaɗan ta wuce. Baikal kuwa ruwan da ya shiga cikinsa ya kan yi fiye da shekara 300 kafin ya fita. Watau abin da aka zuba yau, jikokin jikoki za su tarar da shi.

A 1966 aka buɗe masana'antar takarda a garin Baikalsk, daidai bakin ruwa, ko da ya ke masana da marubuta na ƙasar sun yi ta ƙorafi. Ta yi ta zuba ruwan wankinta cikin tafkin har aka rufe ta a 2013, ta bar datti fiye da tan miliyan 6 cikin ramuka kusa da gaɓa. A 1996 hukumar UNESCO ta sa Baikal cikin wuraren gadon duniya. A 2006 aka yi niyyar bi da bututun man fetur ƙasa da kilomita guda daga gaɓar arewa, jama'a suka tashi tsaye, hukuma ta janye shi can nesa. A 2017 kuma aka hana kamun omul na ciniki, domin ya ragu ƙwarai.

Amma akwai wata cuta da ta shafi baƙi kai tsaye. Tun wajen 2011 masu bincike suka fara ganin wata irin gansakuka tana rufe duwatsun gaɓa kusa da garuruwa da masaukan baƙi, soson ruwa kuma yana ciwo yana mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka bincika sai aka tarar babban dalili shi ne ruwan bayan gida da na wanki da ke malala cikin tafkin ba a tace ba, wanda ya zama taki ga gansakukar. Masaukai sun yi yawa, magudanai ba su ƙaru ba. Ga shi kuwa gaɓar nan ita ce inda yawancin halittun ke zaune. Ta haka wanda kyan ruwa ya jawo daga nesa ya kan zama ɗaya daga masu dusashe shi, bai ko sani ba. Don haka wajibi ne ga mai ziyara ya tambayi inda ruwan masaukinsa ke zuba, kada ya yi wanki da sabulu a bakin tafki, ya kwashe sharar da ya kawo, ya kuma bi hanyoyin da aka shata.

Amfanin darasin gare mu

Yawancinmu malamai za mu zama, watakila kuwa kaɗan ne cikinmu za su taka bakin Baikal. Duk da haka muna iya kawo shi cikin aji. A sami faranti mai faɗi da kwalba mai tsawo, a zuba musu ruwa mudu ɗaya ɗaya, a ajiye a rana, yara su riƙa aunawa kowace safiya. Za su ga na faranti ya riga ƙafewa. Wannan shi ne halin Chadi, wanda farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai, ko da ya ke ya ɗan farfaɗo daga baya. Sa'an nan a sake cika su, a ɗiga shuni cikin kowanne, a riƙa tsiyaya ruwa mai kyau daga sama har ya malala. Na faranti zai washe nan da nan, na kwalba kuwa sai an daɗe gindinsa na da launi. Wannan shi ne halin Baikal.

Da wannan gwaji yaro zai gane kowane ruwa da irin rauninsa, marar zurfi rana ya ke tsoro, mai zurfi kuwa ƙazanta. Daga nan sai a tambaye shi, rijiyar unguwarsu da kududdufin bayan makaranta, wanne ne faranti, wanne ne kwalba, me kuma ya kamata a kiyaye game da kowannensu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.